Kafin ka sayi AC, ka tuna da mai asma a gidanka

A bazarar bara na tara kuɗi na sayi na'urar sanyaya ɗaki, wato AC, ina murna 'yata mai asma za ta riƙa samun barci. Bayan wata biyu sai ga tari ya dawo mata, kullum cikin dare. Da mai gyara ya buɗe na'urar, sai muka tarar ragar da ke tace iska ta toshe da ƙura kamar an yaɓa mata laka. Laifina ne, ban taɓa wanke ta ba.

A nan Kano, idan za mu sayi AC tambayarmu biyu ce: hos nawa ce, kuma sola za ta iya ɗaukarta? A ganina gidan da ke da mai asma, ko wanda ƙura ke sa shi atishawa da ƙaiƙayin ido, tambayar farko ita ce: wace irin iska zai kwana yana shaƙa?

AC ɗin bango da muke sakawa ba ta shigo da sabuwar iska daga waje, ta cikin ɗakin take juyawa. Idan akwai hayaƙin turaren wuta ko na maganin sauro, shi za ta yi ta zagayawa da shi. Don haka a zaɓi wadda ragarta ke cirewa cikin sauƙi, a wanke ta duk mako biyu, a kuma buɗe taga lokacin da ƙura ta lafa.

Kula mai amfani da ruwa tana da araha, kuma tana aiki a zafin Maris da Afrilu. Amma da damina danshi take ƙarawa, funfuna ta samu wurin zama. Fanka kuwa, a goge fukafukanta kafin a kunna.

Mai hali ya nemi na'urar tace iska mai matatar HEPA, musamman saboda hazon hunturu. Wani zai ce tana da tsada. Gaskiya ne, amma a lissafa kuɗin magani da zaryar asibiti.

Sai batun ɗumama ɗaki. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin barci. Bargo da rigar sanyi sun fi.

Yanzu duk ranar Asabar ta biyu, da kaina nake wanke ragar nan.