Uban Da Jini Ya Ce Ba Shi Ba Ne

Yau zancenmu zai kai mu ƙasar Amurka, inda alƙalai suke fama da wata irin shari'a mai wuyar yankewa. Mutum ne zai shekara biyar ko goma yana ciyad da yaro, yaro na ce masa Baba, sa'an nan a yi gwajin nan da ake kira DNA, ya nuna ba shi ya haife shi ba. Sai ya ruga gaban alƙali, ya ce a sauke masa nauyi, a daina yankan kuɗin ciyarwa daga albashinsa.

To, kada ku zaci da ya miƙa takardar likita shi ke nan. Can ma tun da, ɗan da matar aure ta haifa na mijinta ne. A shekarar 1989 wata ƙara daga Kalifoniya ta kai har Kotun Ƙolin ƙasar. Gwaji ya nuna kusan tabbas wani ne daga waje ya haifi yarinyar, amma kotu ta bar ta ga mijin uwarta. Wanda kuwa bai auri uwar ba, amma ya sa hannu a takarda cewa ɗansa ne, kwana 60 kaɗai gare shi ya janye. In sun wuce, sai fa ya tabbatar an yaudare shi, ko an tilasta shi, ko kuskure aka yi.

Maza suka yi ta kuka, har waɗansu jihohi suka sassauta: Jojiya a 2002, Fulorida a 2006, Tekzas a 2011. Amma da sharaɗi. A Fulorida wanda ya san ba nasa ba ne, ya kuma amsa da bakinsa, ba a sauraronsa daga baya.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu na Malikiyya sun ce mijin da zai kore ɗa sai ta hanyar li'ani, watau rantsuwa huɗu, ta biyar da la'ana, kuma in ya sani ya yi shiru, ya makara.

Ni dai a ganina wanda aka yaudara yana da hakkinsa, ba na musu. Amma tausayina ya fi ga yaron. Ɗan shekara takwas bai yi wa kowa ƙarya ba, rana ɗaya ya rasa uba, ya rasa abin ci, ya rasa gado.

Masu dokar Tekzas sun ɗan duba wannan. Ko an raba su, bashin ciyarwa da ya taru kafin hukunci yana nan a wuyan mutumin. In kuma ya roƙa, alƙali ya ga rabuwar za ta cuci yaron, yana iya ba shi izini ya riƙa zuwa yana ganinsa.