Tokara Ba Kasawa Ba Ce: Ra'ayi Kan Kayan Tallafi A Atisayen Yoga

Hausawa na cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi. Wannan karin magana shi ke faɗo mini a rai duk lokacin da na ga hoton wani gwani ya lanƙwashe jikinsa kamar baka, sa'an nan na tuna da ɗimbin masu koyo da za su kalli hoton su ce su ma sai sun yi, ko da ƙashi zai tsage. Atisayen da ake magana a kansa shi ne yoga, wanda ya samo asali daga ƙasar Indiya, ya kuma bazu a duniya har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara, aka fara bikin a 2015. Abin da nake son in tabbatar wa mai karatu shi ne, amfani da kayan tallafi wajen wannan atisaye, irin su tubalin katako da ɗamara da bargo da kujera, hikima ce, kuma mai koyon da ya raina su yana sayen ciwo da kuɗinsa.

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan dabara shi ne B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a ƙauyen Bellur a 1918, ya rasu a birnin Pune a 2014. Ya tashi yaro ne mai yawan laulayi, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka duk sun taɓa shi. Ya koyi yoga a Mysore wurin mijin yayarsa, Krishnamacharya, daga bisani ya koma Pune yana koyarwa a 1937, inda ya buɗe makarantarsa a 1975. Da tsofaffi da marasa lafiya suka riƙa zuwa wurinsa, sai ya lura cewa yawancinsu ba sa iya kai jikinsu inda ake so sai sun karkace wata gaɓa. Maimakon ya tilasta wa jiki, sai ya kawo abin da zai cike tazarar da ta rage.

Alal misali, akwai tsayuwar da mutum ke ware ƙafafu ya karkata gefe ɗaya har hannunsa ya taɓa ƙasa. Wanda naman bayan cinyarsa ya ɗaure, in ya nace sai ya taɓa ƙasa, ƙirjinsa zai kife, ƙugunsa ya murɗe. In kuwa aka ajiye masa tubali ya dafa, ƙashin bayansa zai kasance a miƙe, numfashinsa kuma ya daidaita. Haka nan wanda ya zauna ya miƙe ƙafafu yana son kamo yatsunsu: da ya ƙudundune baya yana fizga, gara ya zauna kan bargo ninkakke, ya zarga ɗamara a tafin ƙafa ya riƙe, domin lanƙwasar ta fito daga ƙugu, nauyi ya sauka daga ƙasan baya. Wanda ya durƙusa zai zauna tsakanin dugadugansa kuwa, tubali ko matashi a ƙarƙashinsa shi ke hana gwiwa murɗewa.

Inda abin ya fi hatsari shi ne wuya. Ƙasusuwa bakwai ne a wuyan ɗan Adam, ƙanana, ba a halicce su don ɗaukar nauyin gangar jiki ba. A tsayuwar da ake yi bisa kafaɗu, ƙafafu a sama, in mutum ya kwanta kan daɓe kai tsaye, wuyan zai lanƙwashe matuƙa. Saboda haka almajiran Iyengar suke jera barguna a ƙarƙashin kafaɗu, kai ya sauka ƙasa kaɗan, wuya ya sami sarari.

To, masu suka suna da hujjoji biyu, kuma ya kamata a saurare su. Na farko suna cewa wannan bidi'a ce, magabata ba su san ta ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin a sassaƙe-sassaƙen duwatsu na Sanchi, waɗanda suka kai kimanin shekara 2000, ana ganin masu zuhudu zaune da ɗamarar ƙyalle zagaye da gwiwoyi da baya. Na biyu suna cewa wanda ya saba da tokara ba zai taɓa tsayawa da kansa ba. A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin akwai malalatan da ke jingina da kayan don gudun wahala. Amma laifin na mai koyo ne da malaminsa. Shi tubalin nan fuska uku gare shi: a fara da shi a tsaye, in jiki ya saki a kwantar da shi ta gefe, daga nan a shimfiɗe, har ranar da za a ɗauke shi. Wani kuwa, saboda shekaru ko ƙirar ƙashinsa, ba zai rabu da shi ba har abada, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Sai dai fa kada mai karatu ya ɗauka kayan nan laya ce. Bargon da aka sa ba daidai ba yana iya jawo ciwon da ake gudu, don haka ido na ƙwararren malami ya fi kayan muhimmanci. Bugu da ƙari, mai hawan jini ko mai ciwon idon nan da ke ƙara matsin ruwan ido, bai kamata ya yi atisayen juya kai ƙasa ba sai da izinin likita, ko barguna nawa aka tara masa.

Daga ƙarshe, ina ganin babban abokin gaban mai koyo shi ne kallon na kusa da shi da jin kunyar a ce ya gaza. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne. Wanda ya ɗauki tubalinsa ya dafa yau, shi ne zai dawo gobe da gwiwarsa lafiya ya ci gaba daga inda ya tsaya.