KADA KA JEFAR DA AKWATINKA

Yau faɗa na zo yi. In kana cikin masu dariyar da zan ambata, to gyara zama, da kai nake.

Akwai wata magana da ta cika Birnin Ƙonni, daga tashar mota har teburin mai shayi. Wai radiyo ta mutu. Wai duk wanda aka gani da ƴar akwati a kunne yana murɗa allura, ko tsoho ne, ko baƙauye, ko mai gadi. Samari masu salula su suka fi yaɗa ta. Amma har da waɗansu ma'aikata da suka yi lakkwal, waɗanda ya kamata su fi kowa sani. Saboda wannan ba'a, mutane da yawa sun cusa akwatinsu ƙarƙashin gado, pil ya ruɓe a ciki. Wannan hasara ce, kuma da hannunmu muke yin ta.

Mu tuna abin da ya faru kwanan nan, don mantuwa ta yi mana yawa. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Yamai. Ba a yi mako guda ba aka rufe iyaka tsakaninmu da Illela ta Najeriya. Najeriya kuma ta yanke wutar da take sayar mana, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar nan ke sha a lokacin. To, salula me take ci? Caji. Dogon ƙarfen rezo me yake ci? Wuta ko gazuwal. Ƴar akwatin nan fa? Pil biyu, ta yi maka kwana da kwanaki tana magana. A Satumba 2021 ma, hukumar Najeriya ta rufe layin salula a jihar Zamfara duka, da waɗansu yankunan Sakkwato da Katsina, saboda ƴan bindiga. Makonni aka yi haka. Mai salula ta jika ɗari da wanda ba shi da ko ta dala suka zama ɗaya. Wanda ke da radiyo shi aka kewaye da dare ana cewa: Malam, me suka ce?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai salularka ma tana kama radiyo. Gaskiya ne, tana kama FM. Amma FM dabam, gajeren zango dabam, kuma nan ne masu dariya suka jahilci abin.

Muryar FM miƙe take tafiya, kamar hasken tocila. Kilomita kaɗan, in ta yi ƙarfi gomiya kaɗan, sai tudu ya tare ta. Shi ya sa tashar da kake ji garau a Ƙonni, in ka nufi Badagishiri ko ka gangara cikin fadamun Maggiya, sai ta fara shaƙewa. Ita kuwa muryar gajeren zango sama take hawa. Can bisa, tsakanin kilomita 100 da 400, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke canza halinsa. Murya ta buga shi sai ta dawo ƙasa, nesa ƙwarai da inda ta tashi, ta sake hawa, ta sake saukowa. Da haka take ƙetare teku da hamada. Tun 1966 BBC ta kafa na'urorinta a wani tsibiri mai suna Asanshon, tsakiyar tekun Atlantika, don ta riƙa jefo murya Afirka. Makiyayi a bayan Tajaye ya kama ta da akwatin da kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba. Ba ya biyan kiredi. Ba a tambayarsa takardar shaida. Ba wanda ya san abin da ya saurara.

Gidajen radiyon waje da kake ji a FM kuwa baƙi ne a ɗakin aro. Ran da mai ɗaki ya so, sai ya rufe. A Agusta 2023 an dakatar da RFI a Nijar. A Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. Ko hukuncin ya yi daidai ko bai yi ba, wannan zancen wata rana ne. Abin da nake nuna maka shi ne zanen aro ba ya rufe katara.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da ya fito daga London ko Bon ko Bejin gaskiya ne. A'a. Kowace tasha tana da mai ita, kuma kowa ya sayi ganga shi ke zaɓen kiɗa. Amma dubi bambanci. Mai karanta labari a radiyo yana faɗin sunansa, da sunan gidansu, da lokacin da zai dawo gobe. In ya yi ƙarya, akwai inda za a kama shi. Ka murɗa allura kaɗan ka ji yadda wata tasha ta faɗi wannan labari, ka ƙara da ta uku, ka haɗa da Muryar Sahel, sannan ka auna da hankalinka. Saƙon murya na WhatsApp fa, wanda aka turo maka daga wanda aka turo wa, wa ya yi shi? A wane gari? Wace shekara? Wani ya zauna a ɗakinsa ya ce an kashe mutum ɗari a wuri kaza, ko allurar rigakafi tana hana haihuwa, kafin la'asar magana ta kai Dogarawa. Wanda bai iya karatu ba shi ya fi cutuwa, domin ba ya iya duba ko ranar da aka turo saƙon.

Ga kuma abin da maza ba su son a faɗa. Salula a aljihun maigida take kwana. In kaka ta wuce ya tafi cin rani Abijan ko Ikko ko Libiya, da ita yake tafiya. Akwatin radiyo kuwa a rataye take a dangar gida. Uwargida tana surfe tana ji, tsohuwa tana kaɗi tana ji, yara suna ji. Duk wanda ya ce a jefar da radiyo, kunnen mata yake son toshewa, ko ya sani ko bai sani ba.

Laifin ba na samarinmu kaɗai ba ne. Manyan gidajen radiyo su ma sun ja da baya. BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007. Amma a 2015 Jamus ta rufe tasharta ta Kigali wadda ta daɗe tana aiko mana da murya. A Maris 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da aikin Muryar Amurka, masu saurare suka murɗa suka ji shiru, ba ko sallama. Masu lissafi a ofis suna cewa gajeren zango yana da tsada, kowa ya koma intanet. Kowa wa? Sun taɓa zuwa Bazaga? Abin dariya, da yaƙi ya ɓarke a Ukraniya a 2022, BBC da kanta ta koma aika labari can ta gajeren zango. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Mu ma muna da hakki a kan hukumarmu. Ƙasar nan ta fi murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, mafi yawanta hamada. Ba a rufe irin wannan fili da FM. Iyayenmu sun kama Muryar Sahel a mita 31, sun kama Radiyo Kaduna a mita 49 suna jiran gaisuwa a Zaɓi Sonka. Tun 1962 Nijar ta kafa ƙungiyar Radiyo-kulob, manoma su taru gindin akwati ɗaya su saurara, su yi muhawara, a ɗauki muryarsu a kai Yamai. Ƙasar da ta yi wannan ta cancanci na'ura mai ƙarfi ta gajeren zango, mai aiki kullum, don kada labarin gidanmu ya zama sai baƙo ya ba mu.

To, yanzu ga naka aikin. In za ka saya ran Laraba a kasuwar Ƙonni, kada yawan rubutun jikin kwali ya ruɗe ka. Ka sa pil nan take, ka tura maɓalli wajen da aka rubuta SW, ka ja eriya duka, ka murɗa a hankali. In ba ta kama kome ba sai shuuu, ajiye musu. A hankali na ce, domin a ƙaramar akwati tasha da tasha kamar gashi da gashi suke. Wanda ke juya allura kamar yana tuƙa tuwo, zai tsallake goma bai sani ba.

Lambobin nan na fuskarta, 16, 19, 25, 31, 41, 49, su ne mitoci. Da rana ka nemi ƙananan lambobi, 16 da 19. Da dare da asuba ka koma manya, 31 da 41 da 49, domin rufin nan na sama yana canzawa da faɗuwar rana. In akwatinka MHz aka rubuta, raba 300 da lambar, sai mita ta fito: 300 a raba da 6 ya ba da 50, wato kusa da mita 49 ke nan. Ka ga amfanin lissafin da kake koya. In ka sami tasha, yi ɗan zane da biro a wurin. Amma ka sani gidajen radiyo suna canza mita a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, kuma in sun ce agogon GMT, ka ƙara awa ɗaya ka sami namu.

In murya ta yi rauni, samo siririyar waya mai tsawon taki goma, ka naɗa bakinta a eriya, ka rataya sauran bisa darbejiya, nesa da wayar lantarki. In hadari ya taso ka cire ta. Ƙarar da ke damunka sau da yawa daga gidanka take: abin cajin salula, da fitilar zamani, da na'urar sola. Fita tsakar gida ka ji bambanci. In za ka daɗe ba ka kunna ba, fid da pil.

Ku kuma malaman karatun manya na Malbaza da Galmi da Tsarnawa da Illela, ku zo da akwati aji mako mai zuwa. Ku rubuta lambobin nan shida a allo, kowane ɗalibi ya tashi ya nemo mita 31 da hannunsa.