Wasiƙa ga masu zana taswirar intanet

Zuwa ga malamai masu auna hanyoyin intanet.

Mai wannan wasiƙa roƙo guda yake da shi: duk wanda ya zana taswirar yadda kamfanonin sadarwa ke haɗuwa da juna, ya rubuta a gefe daga ina ya tsaya ya hango.

Dalili kuwa shi ne, babu wanda ke riƙe da cikakken kundin intanet. Kamfanoni dubbai ne, kowanne da lambarsa, suna sanar da maƙwabtansu hanyoyin da suka sani ta tsarin BGP. Rumbuna irin su RouteViews na Jami'ar Oregon da RIS na hukumar RIPE abin da aka ga damar aiko musu kawai suke tarawa, galibi daga manyan dillalai. Cinikin mai saye da mai sayarwa yana fitowa sarai a nan. Amma yarjejeniyar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda kamfanoni biyu ke musayar bayanai kai tsaye ba tare da biyan kuɗi ba, ba ta wuce su da abokan cinikinsu. A 2012 wasu masu bincike suka leƙa cikin wata babbar cibiyar musaya a Turai, suka ƙirga irin wannan haɗi sama da 50,000 a wuri ɗaya tak, fiye da abin da ake zaton akwai a duniya baki ɗaya.

Sai batun traceroute, tsohon makamin bin sawun hanyar saƙo da Van Jacobson ya ƙera a 1987. Yana da daɗin aiki, yana kuma da yaudara. Hanyar zuwa yake nunawa, ta dawowa kuwa tana iya bin wata ƙasa daban. Wata na'urar ta yi gum, sai taurari uku su fito a layinta. Adireshi kuma sau da yawa yana ɗauke da sunan garin da hedikwatar kamfani take, alhali na'urar tana can wata uwa duniya. Gwajin mai sauƙi ne: haske na cin kusan kilomita 200 a kowace milisakan cikin zaren gilashi, saboda haka amsar da ta je ta dawo cikin milisakan 5 ba ta fito daga nesa da kilomita 500 ba, ko me rajista ta ce.

Su ma ƙananan na'urorin awo na RIPE Atlas, waɗanda ake rabawa tun 2010, yawancinsu a Turai da Amurka suke. Mai awo da ya hango Afirka ta Yamma daga Amsterdam bai kamata ya yi saurin cewa fili fayau ne ba.

Akwai kuma abin da taswirar BGP ba ta faɗa sam, wato inda wayar take kwance. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka yanke a gaɓar Kwadebuwa. A takarda, kamfanin da ya sayi layi wurin dillalai uku ya yi tanadi. A cikin ruwa, ashe duk kwararo guda suka bi. Daga Akara har Legas aka wuni ana jiran shafi ya buɗe, bankuna na ba da haƙuri, gyaran kuma ya ci makonni. Mai taswira ya daure ya riƙa ɗora zanen wayoyin a kan zanen yarjejeniyoyin, ya sa ranar da ya ɗauki awon a ƙasa.

Wassalam.