Suna linzami ne, har a cikin rumbun bayanai

Tun da mutane suka fara komawa Hartum da Umdurman bayan sojoji sun ƙwace babban birnin a watan Maris na 2025, ƙananan asibitoci da makarantu da shaguna ke ƙoƙarin sake tattara bayanan da yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa. Yaranmu da suka karanci kwamfuta suna samun irin wannan aiki, kuma kuka ɗaya nake yawan ji daga bakinsu: manhaja ta ƙi haɗuwa, kwamfaila na cewa suna ya ci karo da suna.

Ga yadda abin ke faruwa. Yau ba kowa ke rubuta kod ɗin rumbun bayanai da hannu ba. Kayan aiki irin su Entity Framework a C# ko jOOQ a Java suna karanta teburan rumbun, su samar da kod ɗin da kansu, kowane tebur da ajinsa. To, ka sa wa tebur suna Tasks, sai a haifa maka aji mai suna Task, alhali C# na da nata Task ɗin tun asali. Idan duka biyun suka shigo fayil ɗaya daga wurare daban, sai kwamfaila ta tsaya da CS0104, wato ba ta san wanne kake nufi ba. Idan aji biyu masu suna ɗaya suka faɗa gida ɗaya, CS0101 ke fitowa. Mu kuma muna da ƙarin rigima: wani ya rubuta ism_ab, wani ya zo daga baya ya ƙara IsmAb, idan aka daidaita su duka suna komawa abu ɗaya. Haka in aka cire lanƙwasa, baƙi ya zama baki.

Abin da mai gaggawa ke yi shi ne ya buɗe fayil ɗin da na'ura ta samar, ya canja sunan da hannu, manhaja ta tashi, ya karɓi kuɗinsa. A ganina wannan ha'inci ne, ko da bai yi niyya ba. Ranar da aka ƙara tebur aka sake samar da kod, gyaran nan ya shafe, kuma mai shagon ne zai kwana a ciki.

Gyaran gaskiya yana can tushe. Ka karanta kuskuren farko kaɗai, domin sauran yawanci 'ya'yansa ne. Ka gano sunaye biyun da ke faɗa. In rumbun naka ne, ka sauya sunan teburin. In kuwa gadonsa ka yi, ka gyara ƙa'idar sanya suna a saitin kayan aikin, ko ka ware wa kod ɗin gidansa, ka riƙa kiran kowane aji da cikakken sunansa. Ƙarin da kake so ka yi, C# ta yarda ka raba aji gida biyu, naka ya zauna a fayil ɗin da na'ura ba ta taɓawa.

Wani zai ce ai ba lokaci, wuta ma sai an yi sa'a. Na yarda. Amma mu a Sudan mun fi kowa sanin wannan matsala. Muhammad Abubakar nawa ne a unguwa ɗaya? Shi ya sa hukuma ke neman suna huɗu, har kakan uba, sannan ta ƙara da lambar ɗan ƙasa. Cikakken sunan aji shi ne suna huɗun manhaja.

Kwamfaila dai tana ƙin abin da ba ta tantance ba, ta tsaya ta tambaya. Wanda ya saba toshe mata baki, wata rana zai haɗa fayil ɗin marasa lafiya biyu masu suna ɗaya, kuma a ranar babu saƙon kuskure da zai fito.