A bar tsiron kududdufi ya yi fure kafin a ce an san shi

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, kududdufai da fadamun Tsaskiya da sauran ƙasar Safana da Batsari kan cika da bado da kainuwa da gansakuka. A irin wannan ruwa ne ake samun wani tsiro marar saiwa da masana ke kira Utricularia, wanda ke farautar ƙananan halittun ruwa. Ganyensa siriri ne kamar zare, ɗauke da 'yan jakunkuna masu murfi. Da zarar ƙwaro ya taɓa gashin bakin jakar, sai ta zuƙe shi cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ra'ayina shi ne ya kamata jami'o'inmu su ƙididdige ire-irensa a yammacin Katsina, kuma wannan aiki ba zai yiwu ba sai a lokacin furensa.

Dalili kuwa, ganye ba ya raba gardama. Peter Taylor na lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila ya lissafa nau'i 214 a littafinsa na 1989, kuma da yawansu sai an ga fure da iri ake bambance su. Ga misali Utricularia stellaris da Utricularia inflexa, waɗanda suka bazu a ƙasashen Afirka masu zafi har da arewacin Najeriya. Dukansu suna da wasu kumburarrun sassa da ke kewaye da karan fure don ya tsaya a saman ruwa, har an taɓa ɗaukar su nau'i guda. Amma furen na farko rawaya ne, na biyun kuwa fari ne mai ratsin shunayya. Shi ko Utricularia gibba ba shi da waɗannan sassa, kuma ya fi yin fure idan ruwa ya ja baya ya bar shi a kan laka. Abin da furen ke buƙata sananne ne: hasken rana sosai, ruwa kwantacce marar zurfi, wanda takin zamani bai kwarara cikinsa ba. Inda taki ya yawaita, gansakuka ce ke rufe shi.

Wani zai ce yankin da ke fama da 'yan bindigar dajin Rugu ina ruwansa da furen kududdufi? Gaskiya ne tsaro shi ne kan gaba, kuma bai dace a tura ɗalibi daji ba. Sai dai kududdufan na bakin gari suke, malamin makaranta mai waya zai iya ɗaukar hoton fure ya rubuta rana da wuri ya aika Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana. Wani kuma zai ce kududdufi mazaunin sauro ne, gara a cike shi. Tsiron na kama tsutsar sauro, amma ba zai maye gurbin gidan sauro da magani ba, kuma kwatamin da ke cikin unguwa lallai a gyara shi. Maganarmu a kan ruwan fadama ne da dabbobi ke sha, wanda yalwar wannan tsiro a cikinsa alama ce cewa taki bai gurɓata shi ba.

Saboda haka sashen nazarin tsirrai na Dutsin-Ma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su haɗa kai da malaman sakandare na Safana da Batsari, su fara wannan ƙidaya a ƙarshen damina mai zuwa.