Bangui Ma Tana Da Hakki A Kanmu

'Yan'uwana ɗalibai, duk lokacin da aka ce a tara baiko domin horar da fastoci a wata ƙasa, sai a ji wani ya ce gida bai ƙoshi ba. Ni ban yarda da wannan hujja ba.

Ku dubi Byang Kato, mutumin Kwoi. Ya yi karatun tauhidi a Landan da Dallas ta Amurka, a 1973 kuma ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka. Kafin ruwa ya cinye shi a Mombasa a 1975, babban abin da ya dame shi shi ne Afirka ta sami manyan makarantun tauhidi nata na kanta. Daga wannan tunani aka buɗe makarantar Bangui, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1977, domin masu jin Faransanci su daina dogara ga Turai kaɗai. Da rikici ya ɓarke a ƙasar a 2013, harabarta ta zama mafakar waɗanda suka gudu daga gidajensu.

Ɗanmu ne ya yi wannan kira, ashe kuwa abin kunya ne a bar wa Turawa ɗawainiyar. Addu'a wajibi ce, amma ba ta biyan kuɗin makaranta, kuma da yawanmu mun fi son ta ne don ba ta taɓa aljihu.

Shawarata ga zumuntar ɗalibai Kirista ita ce a keɓe baikon Lahadi ɗaya kowane zango, a karanta lissafinsa a gaban kowa, a aika da shi ta hannun ikkilisiya.